RUFE ƘOFA: Kalmomin Sin da Japan, da darasinsu ga mutanen Damargu



Tun ranar 30 ga watan Yulin 2023, da ƙungiyar CEDEAO ta ba da umurnin rufe iyakoki da Nijar, kalmar "an rufe" ta zauna a bakin kowa. Mai awo ya ce tiya ta tashi don an rufe, mai kamiyo ya ce ba lodi don an rufe, mai raguna ya komo da su gida don an rufe. To yau za mu yi dogon zango, mu leƙa ƙasashe biyu da tarihi ya fi sani da rufe ƙofa, wato Sin da Japan, mu ji abin da harsunansu suka adana kan wannan al'amari. Akwai dalili. Mutanen Sin, waɗanda muke ce wa Shinuwa, maƙwabtanmu ne tun da aka buɗe matatar man SORAZ kusa da Bakin Birji a 2011. Wanda kuke zaune ƙasa ɗaya da shi, ai ya kamata ka san karin maganarsa.

ƘOFA A BAKIN MUTANEN SIN

Rubutun Sin ba kamar boko ko ajami ba ne. Kowace alama tana ɗauke da ma'anarta, wasu ma zanen abin ne kai tsaye. Ƙofa suna ce mata "men", kuma tsohuwar alamarta ita ce 門. Ku dube ta da kyau, ƙyaure biyu ne suna fuskantar juna. In aka ja layi guda a tsakiya, 閂, ta zama sakata. Japanawa sun ari wannan rubutu fiye da shekara 1,000 da suka wuce, su kuma "mon" suke karanta alamar ƙofa.

Akwai wata kalmar, "guan". Asalinta itacen da ake tokare ƙofa da shi ne. Daga nan ta zama rufewa, ta zama mashigin tsauni inda dakaru ke tsare hanya, har ta zama duwan, domin ma'aikatar duwan "haiguan" suke ce mata, mashigin teku ke nan. Abin mamaki, wannan "guan" ɗin ce a farkon kalmar "guanxi", wadda ke nufin dangantaka da sanayya. Mu ma ai muna cewa wane yana da hanya. Wanda kuma ya bi ta hannun wani babba ya samu abin da bai cancanta ba, sai su ce "zou hou men", ya shiga ta ƙofar baya. Wannan kam ba sai an yi mana fassara ba.

In ka je wurin mutum ya ƙi ganinka, sai su ce ka sha "bi men geng", miyar rufaffiyar ƙofa. Labarin ya samo asali ne daga wata shahararriyar mace ta zamanin daular Tang. In baƙon da ba ta son gani ya zo, sai ta sa a kai masa ƙwaryar miya a bakin ƙofa. Ya sha, ya gane, ya kama gabansa. Kamar dai a kawo maka ruwan sanyi a zaure, sannan yaro ya fito ya ce maigida ya fita, alhali ga takalmansa kana gani.

Sai "bi men si guo", rufe ƙofa don tuna laifin kai. A zamanin daular Han, fiye da shekara 2,000 baya, an yi wani gwamna mai suna Han Yanshou. Wa da ƙane suka kawo masa ƙara kan gona. Bai yanke hukunci ba. Ya ce in har ƴan uwa ciki ɗaya na shari'a a ƙasar da yake riƙe, to laifinsa ne, sai ya shiga ɗaki ya kulle kansa. Kunya ta kama masu ƙarar, kowane ya ce ya bar wa ɗan uwansa gonar. Ku tuna yawan shari'ar gona da ke gaban sarakunanmu kowace damana, ku ga ko wannan labari bai shafe mu ba.

Ƙasar da aka samu adalci da zaman lafiya, suna ce mata "ye bu bi hu", inda ba a rufe ƙofa da dare. A fagen yaƙi kuwa, cikin dabarunsu 36 da suka shahara, ta 22 ita ce "guan men zhuo zei", rufe ƙofa a kama ɓarawo. A nan Hausa ta sha bamban. Mu in muka ce an rufe ƙofa da ɓarawo, sakarci muke nufi, an kulle gida ga maƙiyi a ciki. Muna kuma da "ƙofar rago", ƴar hanyar da ake bar wa abokin gaba ya fita, don kada ƙuntata ta sa ya yi faɗan a mutu ko a yi rai. Ku riƙe wannan, za mu komo kanta.

Wadda ta fi jan hankalinmu ita ce "bi men zao che", ƙera amalanke a rufaffen ɗaki. Yau zargi ne ga wanda ke tsara abu shi kaɗai, bai duba yadda duniya take ba. Amma a da can maganar tana da ƙarashe, cewa in an fito da amalanken zai hau sawun hanya daidai. Me ya sa? Tun shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki Qin Shi Huang ya sa faɗin ƙafafun amalanke ya zama awo ɗaya a duk ƙasar. Maƙeri yana iya kulle kansa ya yi aiki, domin ya riga ya san awon hanyar waje. Wanda bai san awon ba, shi ne amalankensa ke tsayawa bakin ƙofa.

JAPAN: ƘASAR DA AKA SA WA SARƘA

Japanawa na da nasu. A zamanin Edo akwai horon da ake kira "heimon". Babban mutum in ya yi laifi, sai a gicciya gora a ƙofar gidansa, a toshe tagogi, ba shiga ba fita har kwana 50 ko 100. Akwai kuma "monzenbarai", korar mai ƙaramin laifi daga bakin ƙofar alƙali. Har yau in an sallami mutum ba a ko saurare shi ba, wannan kalma suke faɗa. Suna da karin magana cewa ba a kafa wa bakin mutane ƙyaure. Mu ma'aikatan rediyo mun fi kowa sanin gaskiyar wannan.

Babbar kalmarsu dai ita ce "sakoku", ƙasar da aka ɗaure da sarƙa. Tsakanin 1633 da 1639, gwamnatin soja ta gidan Tokugawa, ƙarƙashin Iemitsu, ta fitar da dokoki ɗaya bayan ɗaya. A 1635 aka hana ɗan Japan fita waje, wanda ke waje kuma in ya komo kisa ne. A 1639 aka kori ƴan Fotugal. Tsoron masu mulki shi ne masu wa'azin Kirista su share wa jiragen yaƙin Turai hanya, ko kuma sarakunan kudu su yi arziki da bindigogi ta hanyar fatauci su fi ƙarfin gwamnati.

Amma fa ku lura da abu biyu. Na farko, waɗanda suka kafa dokokin ba su kira su "sakoku" ba. Sai a 1801 wani tafinta na birnin Nagasaki, Shizuki Tadao, ya ƙirƙiro kalmar lokacin da yake fassara rubutun wani likita Bajamushe, Engelbert Kaempfer. Na biyu, ƙofar ba ta rufu duka ba. Masana tarihin Japan na maganar "bakuna huɗu": Nagasaki don ƴan Sin da ƴan Holand, Tsushima don Koriya, Satsuma don tsibiran Ryukyu, Matsumae don mutanen Ainu na arewa.

A 1641 aka mai da ƴan Holand wani ɗan tsibiri da aka gina da hannu, Dejima. Gada ɗaya ce ke haɗa shi da gari, da masu gadi a kanta. Duk jirgin da ya iso, dole shugaban ƴan Holand ya rubuta wa gwamnati labarin abin da ke faruwa a duniya. A 1720 aka sassauta dokar shigo da littattafai, muddin ba na addini ba ne. Daga wannan ƴar kafa aka samu "rangaku", ilimin Holand. A 1774 likita Sugita Genpaku da abokansa suka fitar da fassarar wani littafin Turai kan sassan jikin mutum, bayan sun shekara uku suna fama da harshen da ba su ƙware a kansa ba.

Da Matthew Perry na Amurka ya iso da jiragen yaƙi huɗu a 1853, ya tilasta musu buɗe tashoshi biyu a 1854, Japan ta sha wulaƙanci, ta sa hannu kan yarjejeniyoyin da ba su yi mata daɗi ba. Sai dai ta riga ta tanadi mutanen da suka san harshe, lissafi, likitanci da taswirar duniya. A 1868 aka yi sauyin Meiji, a 1871 aka tura manyan ƙasa yawon koyo Amurka da Turai na kusan shekara biyu, a 1905 Japan ta ci Rasha da yaƙi.

SIN: ƘOFA ƊAYA, BA TAFINTA

A Sin kalmar ita ce "haijin", haramcin teku. Sarkin farko na daular Ming ya kafa shi a 1371, ya hana talaka fataucin ƙetare. Gwamnati ita kaɗai ke fita. Tsakanin 1405 da 1433 jiragen Zheng He sun yi tafiya bakwai, har suka taɓa gaɓar Afirka ta gabas, Mogadishu da Malindi. Daga nan aka tsai da su.

Me ya biyo baya? Mutanen bakin teku da ba su da wata sana'a sai fatauci suka koma sumoga, daga sumoga zuwa fashi. A shekarun 1550 ƴan fashin teku suka addabi gaɓar ƙasar. Ana kiran su ƴan fashin Japan, alhali mafi yawansu ƴan Sin ne da aka toshe wa hanyar abinci. Wasu jami'an Ming da kansu suka lura cewa in kasuwa na ci ɗan fashi yakan koma falke, in an hana ta falke yakan koma ɗan fashi. A 1567 dole aka buɗe tashar Yuegang. Duk wanda ya san yadda babura ke ratsa daji da jarkoki da buhunan shinkafa duk lokacin da aka rufe iyakarmu ta kudu, ya san wannan labari ba na nesa ba ne.

Daular Qing ta buɗe teku a 1684, sannan a 1757 sarki Qianlong ya taƙaita cinikin jiragen Turawan yamma ga birni ɗaya, Guangzhou, wanda Turawa ke kira Kanton. Baƙi na zaune a wata unguwa wajen ganuwa, ba sa ciniki sai ta hannun wasu attajirai da gwamnati ta amince da su, kuma an hana koya wa baƙo harshen Sin. Da jakadan Ingila Macartney ya zo a 1793 neman ƙarin tashoshi, aka ba shi miyar rufaffiyar ƙofa, aka shaida masa cewa Sin ba ta buƙatar kayan ƙasarsa.

Ta wannan ƙofa ɗaya shayi da alharini suka fita, azurfa ta shiga, daga baya Ingilishi suka riƙa shigo da ƙwaya mai sa maye da ake kira ofiyom. A 1839 jami'i Lin Zexu ya lalata akwati kimanin 20,000 na wannan guba. Ingila ta kawo jiragen yaƙi. A 1842 aka sa hannu kan yarjejeniyar Nanjing, aka buɗe tashoshi biyar da ƙarfin igwa, aka karɓe Hong Kong. A 1899 Amurka ta fito da abin da ta kira manufar buɗaɗɗiyar ƙofa, wato kowace babbar ƙasa ta samu rabonta a kasuwar Sin. Ba a tambayi mai gida ba.

Shi ya sa har yau ɗan makaranta a Sin ke koyon "bi guan suo guo", toshe mashigi da kulle ƙasa, a matsayin kuskuren da ya jawo musu shekara 100 na wulaƙanci. Da Deng Xiaoping ya kawo "gaige kaifang", gyara da buɗewa, a watan Disambar 1978, da hannunsu suka buɗe, kaɗan-kaɗan, suka fara da wurare ƙalilan irin su Shenzhen a 1980, suna sa wa kamfanonin baƙi sharaɗin aiki tare da ƴan ƙasa don a koyi sana'ar.

To kun gani. Ƙasashen nan biyu duk sun rufe, duk sun bar ƴar ƙofa, duk an ɓalle musu da ƙarfi. Inda suka bambanta shi ne abin da kowace ta yarda ya shigo ta ƴar ƙofar. Nagasaki ta shigo da kaya da labari da littafi, Kanton ta fi mai da hankali ga kaya da haraji.

MU KOMO GIDA

Damargu ba tsibiri ba ce kamar Japan, ba kuma daula ba ce mai wadatar kanta kamar Sin. Ƙasarmu zaure ce tsakanin Sahara da ƙasar Hausa. Kakanninmu, Dagirawa, Hausawa, Abzinawa da Fulani, a kan hanya suka rayu. Hatsinmu ne ke ciyar da Abzin, shi ayari ke ɗauka zuwa Bilma da Fashi ya komo da kantun gishiri da dabino. Fataken Gadamus da Tarabulus ta nan suke bi zuwa Damagaram da Kano, suna sayen gashin jimina da fatu. Ta nan kuma aka kora bayi zuwa arewa, wannan ma tarihinmu ne, ba ma ɓoye shi.

A watan Janairun 1851, shekara biyu kafin Perry ya isa Japan, Turawa uku suka sauka Damargu tare da ayarin gishirin Kel Ewe. A ƙasarmu suka fara rabuwa: Richardson ya nufi Damagaram, Barth ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano, Overweg ya yi Gobir da Maraɗi. Hanyoyi uku daga wuri ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana matsayin da muke da shi a lokacin.

Sarakunanmu ma sun san dabarar ƴar ƙofa. Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulemane, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa mai ƙofofi, ana rufe su da dare. Fatake da Abzinawa kuwa a Zango suke sauka, wajen ganuwa. Baƙo yana kusa don ciniki, yana waje don tsaro. Zango ita ce Dejima tamu. Kuma Tanimu bai tsaya ga karɓar haraji ba, a zamaninsa an ƙera igwa an haɗa albarushi a cikin Damagaram.

A watan Mayun 1898, zamanin sarki Amadu Kuran Daga, aka kashe kyaftin Cazemajou na Faransa a Damagaram. Ƙoƙari ne na rufe ƙofa. A watan Yulin 1899 aka gwabza a Tirmini, Faransawa suka shiga birni. Ku duba shekarar: ita ce dai shekarar da Amurka ke shelar buɗe ƙofar Sin. Daga nan mabuɗi ya bar hannunmu. Faransa da Ingila suka zauna a Turai suka shata iyaka, suka gyara ta a 1904 da 1906, aka kafa duwatsu tsakanin Damagaram da Kano, tsakanin wa da ƙane.

Bugun da ya fi yi wa Damargu illa ba a ji ƙararsa ba. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a wannan shekara kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kayan Turai suka koma bin teku da jirgin ƙasa, ya fi sauƙi, ya fi araha. Ba wanda ya sa wa hanyar Sahara kwaɗo, masu bin ta ne suka ragu har ta bushe. A 1926 kuma aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai. Tun daga nan fuskarmu ta koma kudu. Dabbobinmu da wakenmu Maigatari da Dawanau suke nufa, samarinmu can suke ci-rani, masara da kayan masarufi daga can suke zuwa.

Shi ya sa duk lokacin da aka taɓa waccan ƙofa, a tukunyarmu ake ji. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Abin ya zo daidai da fari, har mutanen ƙasar nan suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari, wato Ƴar Buhari. A watan Agustan 2019 aka sake rufewa saboda sumogar shinkafa da mai, sai Disambar 2020 aka buɗe mashigai huɗu, har da Maigatari da Illela. Na 2023 kuwa kowa shaida ne: an yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, manyan motoci sun yi layi a Malanvil, magani da cimaka sun yi tsada. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, ta Benin kuwa hukumomin ƙasarmu suka bar ta a rufe bisa dalilin tsaro. Rikicin ya kai har ga bututun mai na kusan kilomita 2,000 da ke zuwa tashar Seme, sai da ƴan Sin suka shiga tsakani kafin jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024.

Ita kanta hulɗarmu da Sin an taɓa rufe ta. An ƙulla ta a 1974, ta yanke a 1992 da Nijar ta amince da Taiwan, aka mai da ta a 1996.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba muna cewa rufe ƙofa laifi ne ba. Bahaushe ya san darajar rufin asiri. Magidanci na ƙwarai yakan liƙe rumbunsa bayan kaka, ba ya buɗewa sai damana ta kama, lokacin da aikin gona ke neman ƙarfi. Gonakinmu ma ƙofa gare su: da damana a rufe suke ga dabbobi, sai burtali kaɗai, bayan an kwashe amfani hukuma da sarakuna su sa ranar sakin gonaki. In an kiyaye ranar, manomi ya samu taki, makiyayi ya samu kara. In wani ya buɗe kafin lokaci ko ya ƙi buɗewa bayan lokaci, kun san abin da ke biyowa. Ashe mu ma mun daɗe da sanin cewa ƙofa tana da lokaci, tana da sharaɗi, kuma dole kowa ya san wanda ke riƙe da mabuɗi.

Ga magabata, na gida da na maƙwabta, roƙonmu shi ne duk rigimar da za a yi, a bar wa talaka ƙofar rago. Hatsi, magani da dabbobi ba su da jam'iyya. Tarihin Ming ya nuna, namu ma ya nuna, cewa in aka toshe wa falke hanya ba ya zama gida, daji yake shiga, a dajin kuma yake gamuwa da mai bindiga.

Ga mu kanmu, tunda mabuɗin iyaka ba a Falanko yake ba, sai mu riƙe wanda ke hannunmu. Rumbunan tsimi na gari su zama da hatsi a ciki da lissafi a fili. Wanda ya sayar da amfaninsa duka da kaka, in an rufe iyaka da bazara shi ne na farkon kuka.

Sai babbar magana. Matatar SORAZ tana cikin ƙaramar hukumar Olelewa, a gundumarmu ta Tanut. An ƙaddamar da ita ranar 28 ga Nuwambar 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na da kashi 60 cikin 100, ƙasar Nijar na da 40. Ga Dejima har ƙofar gidanmu. Tambayar da ya kamata kowane uba, kowane malamin lakwal da kowane kansila ya yi ita ce: me ke shigo mana ta wannan ƙofa ban da albashi da gazuwal? Yaranmu nawa ne ke jin harshen Sin har su karanta takardar yarjejeniya ba tare da tafintan wani ba? Nawa ne za su iya kwance inji su mai da shi? Jami'ar André Salifou tana nan Damagaram, ba nisa. Ɗiyanmu da suka ci BAC, maza da mata, a tura su ga harsuna, ga kimiyyar mai, ga aikin ƙarfe da lantarki, a kuma nemi gurbin karatu da koyon aiki a rubuce cikin duk wata yarjejeniya. Likitocin Japan da suka fassara littafin nan a 1774 ba su jira an buɗe ƙasarsu ba. Da ƴar kafar da suke da ita suka yi aiki, shekara kusan 80 kafin jiragen Perry su bayyana.

Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, ya kuma ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Biyun duk muna buƙata: a fita a san awon hanyar waje, a komo a ƙera amalanken a gida.

Dattawanmu da suka ga Ƴar Buhari da idonsu, muna son jin ta bakinku. Nawa tiya ta kai a kasuwarku, ta wace hanya hatsi ya riƙa isowa, waɗanne garuruwa ne suka watse, waɗanne suka komo? Matasa, ku zauna da su ku tambaya, ku rubuto mana, domin wannan ɓangare na tarihin Damargu a bakinsu yake. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya.